Zambon Man Kaɗanya

Hoton farko da na taɓa sawa a intanet hoton buhun garin rogo ne, kuma sai da ya ci mini kwana uku. Da kyamara mai fim na ɗauke shi, na kai wanki, na dawo na kifa shi a sikana, sannan na zauna rage masa nauyi. A lokacin ta layin wayar gida intanet ke shigowa, in hoto ya yi nauyi sai ka tashi ka yi alwala ka dawo rabinsa bai fito ba. Da na gama na kira wadda ke koya mini aikin. Ta duba, ta sake dubawa, ta tambaye ni ko matashin kai muke sayarwa. Na koma na ɗauko kyamara.

Ina faɗa muku wannan ne, ku matasan yanzu, saboda na ji ana cewa tallata shagunan mutanenmu a intanet ba sana'a ba ce, tunda kowa yana da waya a aljihu. Ban yi fushi ba. Ni ma ba wani karatu na yi ba. Aji shida na gama a Maraɗi, na taɓa kwaleji shekara biyu, aka ce in je in huta. Amma na daɗe ina wannan aiki a nan Greensboro ta Amurka, kuma na yi ɓarna a cikinsa wadda ba na so wani ya maimaita. Zan faɗi aikin in faɗi ɓarnar, don ban san yadda zan raba su ba.

Sunana Isuhu. Na zo garin nan a farkon shekarun dubu biyu, na sami aiki a wani sito a titin Wendover, ina ɗaga kwalaye daga safe har la'asar. Bas nake hawa, a tashar cikin gari nake canja mota. Kusa da tashar akwai ɗan shagon wata dattijuwa baƙar Amurka mai suna Loreta, mu muna ce mata Mama Loreta. Sabulu take sayarwa, da man gashi, da turaren wuta, da man kaɗanya. Matanmu masu kitso, na Nijar da na Najeriya, duk wurinta suke saye, su ne ƙarfin cinikinta. Tana kuma barin mutum ya zauna ya jira bas in ana sanyi, ko bai sayi komai ba. Ni ma sanyin ne ya shigar da ni.

A bayan shagon tana da kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Ta yi shekaru tana buga takardu a wani ofis kafin ta buɗe shago, can ta koya. Ta ba ni labarin yadda dabarar ta zo mata. Mawaƙan cocinsu sun taɓa yin faifai, a ƙarshen wata waƙa suka jero sunayen shagunan da suka taimaka musu, har da nata. A watan nan mutanen da ba ta taɓa gani ba suka yi ta turo ƙofa suna rera sunan shagon. Ta ce daga nan ta gane mutanenta ba sa karanta talla, amma waƙa in ta shiga kansu ba ta fita. Sai ta ƙulla niyyar tara duk shagunan baƙar fata na garin a wuri ɗaya a intanet, wanda aka haifa a nan da wanda ya zo daga Afirka, kowane shago da shafinsa da gajeriyar waƙarsa, don kuɗinmu ya riƙa juyawa a tsakaninmu kafin ya fita.

Matsalarta mu ne. In ta shiga shagon mutumin Afirka da takarda da biro tana tambayar suna da adireshi, sai mai shago ya ce shi yaro ne, maigidan ya yi tafiya. Wani ma ya fita ta ƙofar baya. Suna zaton daga ofishin haraji take, ko wanda ya fi shi ban tsoro, na shige da fice. Sai muka shirya: ni in riƙa raka ta ina tafinta, ita kuma ta koya mini aikin duk ranar Asabar da rana.

Koyon bai yi daɗi ba. Duk shafin da kuke gani yana da wani rubutu a bayansa, mai cike da ƙananan alamomi da ake buɗewa a rufe. Ku yanzu na'ura ke yi muku. Mu da hannu muke bugawa. In ka buɗe alama ka manta ba ka rufe ba, sai shafin duka ya koma ja, ko hoto ya hau kan lambar waya. Mama ba ta barin in taɓa kwamfuta sai na rubuta shafin a littafi da fensir ta duba. Ba ta faɗa. Gilashinta yana rataye da sarƙa a wuya, in ka yi kuskure sai ta ɗora shi a hanci ta duba littafin, ta cire shi ta dube ka, ta tashi ta tafi wurin masu saye. Za ka zauna kai kaɗai har ka gano da kanka.

Shafin wani tela ɗan Damagaram shi ya koya mini maganar lokaci. Ya ce in rubuta yana buɗewa ƙarfe tara, na rubuta. Wata mata ta taso daga wani gari da yadinta, ta iske ƙofa a rufe har sha ɗaya, ta aiko da saƙon da Mama ta ƙi karanta mini ƙarshensa. Daga ranar, duk lokacin da mai shago ya faɗa ba na rubutawa sai na je da kaina sau biyu na ga lokacin da makulli ke juyawa. Kuma dole a rubuta cewa ranar Juma'a ana rufewa da azahar, don baƙaƙen Amurka ba su san wannan ba, kamar yadda mu ma sai da aka rubuta mana cewa mai askin da ke titin Elm ba ya taɓa almakashi ranar Lahadi.

Akwai wani bakanike ɗan Kumasi da ya nace hotonsa da hular Makka ya fi hoton garejin girma. Na ce masa mutane gyaran mota suke nema. Ya ce mutane fuska suke nema, mota ai kowa ya san kamanninta. Na kai ƙara wurin Mama, ta ce a yi masa yadda yake so, amma a sa lambar waya daidai ƙarƙashin haɓarsa. Shafinsa ya fi na kowa kawo kira. Har yau ban san wanda ke da gaskiya ba.

Waƙa ita ce aikin da ya fi wuya. Shagunan baƙaƙen Amurka ba matsala, mawaƙan cocin Mama ke yi musu. Namu kuwa sai da na nemo Garba. Tare muke ɗaga kwali a sito, mutumin garin Tsibiri ne kusa da Maraɗi, gidan roƙo ya fito amma yana ɓoyewa, gurminsa yana ƙarƙashin gado a naɗe cikin bargo. Na yi wata guda ina lallashinsa. Ɗakin ɗaukar muryarmu shi ne ɗakin ajiyar kayan Mama, wanda mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki tare. Muka rataya barguna a bango, muka sa wa makirfo safa don kada numfashi ya buga. Ga bas tana tashi kowane lokaci, in ta yi ruri sai a sake daga farko. Garba kuma ya saba waƙar da ake farawa bayan la'asar a gama da magariba, ni kuwa daƙiƙa arba'in nake so, in ta wuce haka ba ta buɗewa. Ya ce a daƙiƙa arba'in ko kakan mutum bai kai ba. Na ce ya bar kakan, ya fara daga shinkafa.

Da farko na saita waƙar ta tashi da kanta da zarar an buɗe shafi. Wani bawan Allah da ke aiki a wani ofis kusa da kotu ya buɗe shafin mai kilishi a wurin aiki, lasifikarsa a ƙure. Ya zo shago da kansa ya yi mana bayanin yadda gurmi yake a cikin ofis mai mutum ashirin. Daga nan muka sa madanni, sai wanda ya so ya taɓa.

Abin ya karɓu, wannan ba zan rage masa ba. Kafin shafin, mu da baƙaƙen Amurka gaisuwa ma ba mu cika yi ba, kowa yana ganin ɗayan yana raina shi. Sai ga su suna shiga shagunanmu suna tambayar yaji da zoɓo, wasu har suna ƙoƙarin rera amshin Garba, suna ɓata shi. Mu ma muka fara zuwa aski da gyaran taya wurinsu. Saƙonni suka fara zuwa daga wasu garuruwa, na koyi naɗe kaya da kai su gidan waya, na koyi cewa manja ba ya tafiya a kwalbar da ba a naɗe bakinta sau uku ba. Aka daina ce mini Isuhu na sito, aka koma Isuhu mai intanet.

Yanzu ga ɓarnar.

Alhaji Mamman shi ne babbanmu, mutanen Nijar. Yana da babban shagon kayan abinci a Wendover, shinkafa, gari, manja, nama. Duk wanda ya sauka garin nan sabo, a falonsa yake kwanan farko, har da ni. A wannan shekarar ya ƙara man kaɗanya a cikin kayansa. Muka je masa da waƙar da Garba ya yi wa shagon, waƙa mai kyau, an yabi awonsa, an yabi namansa, an taɓa mahaifinsa a gurguje. Ya saurara sau biyu a bayan kantar shagon.

Ya ce, "Garba, wannan ai waƙar mai tebur ce. Butik, babban shago kamar nawa, ina gishirin?"

Ku da kuka tashi a nan wataƙila ba ku san abin da yake nufi ba. A gida maroƙi in ya yabi maigidansa, yakan juya ya taɓa abokin hamayyarsa. Ba ya faɗin suna, siffanta shi yake yi yadda kowa zai gane. Shi ne zambo. Babban mutum in an yi masa waƙa babu zambo, gani yake kamar an ce ba shi da abokin karawa.

Garba ya ce, "Alhaji, a ba ni mutum. Ni ba na zambo a iska."

Alhaji bai faɗi kowa ba. Wannan hakkinsa ne in faɗa. Ya dube ni yana murmushi, ya ce Isuhu shi ya san kasuwa, duk shagunan garin a hannunsa suke. Ni na ce, mai sayar da man kaɗanya a garin nan bayan Alhaji ai ɗaya ce. Ni na ba Garba siffar gilashi mai sarƙa. Ni na ba shi bakin tasha. Da ya ce to me za a ce ta yi, ni na ce a ce kyandir take narkawa ta haɗa da man. Aka yi dariya, Alhaji ya buga kantar shagon ya ce lallai Isuhu ya iya. Abin da nake nema ke nan, na kuwa samu.

Na san ƙarya ne, kuma na fi kowa sani. Mama da Alhaji wurin mutum ɗaya suke sarin man, wata 'yar kasuwa da ke kawo shi daga arewacin Gana, mota ɗaya ke sauke musu. Hoton man da ke shafin Alhaji ma na Mama ne. Ƙyuya ta hana ni zuwa in ɗauki nasa, na ɗauko nata na juya shi hagu zuwa dama.

A ɗakin ajiyar Mama muka ɗauki waƙar, da makirfonta, tana gaba tana ciniki. Baitin gajere ne: mai gilashi a wuya, mai shagon bakin tasha, kyandir take narkawa ta ce kaɗanya ce. Garba ya sa masa kiɗa mai daɗi, ya fi na yabon daɗi nesa. Da muka fito Mama ta ce wannan wurin na ƙarshe ya yi mata, me yake cewa? Na ce addu'a yake yi wa maƙwabta. Ta ce amin.

Na ɗora waƙar ina ganin abin wasa ne na cikin gida, Hausa ce, wa zai ji. Na manta cewa masu jin Hausa su ne masu sayen man. Cikin 'yan makonni aka kwafe ta a faifai, ana sawa a mota, ana sawa a wurin suna, wasu suka mayar da ita kukan wayarsu. Sai wata mai kitso ta tuna cewa kan wata mata ya taɓa yin ƙaiƙayi. Wata ta tuna ta taɓa jin ƙaurin kyandir a shagon. Ba wadda ta yi faɗa da Mama, daina zuwa kawai suka yi, in sun sauka bas sai su bi ɗaya gefen titi. Wanda ya daina sayen mai kuma ba ya dawowa don sabulu.

Wata Asabar Mama ta tambaye ni ko ta yi wa matanmu wani laifi ne, ko akwai wani watan ibada da ba a shafa mai. Na ce wataƙila Wendover ta fi musu kusa. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko muni, don da na faɗi gaskiya a lokacin, da an tsare wani abu.

Wadda ta tona ni Anti Rifkatu ce, mutuniyar Jos, Kirista, tana aikin kula da tsofaffi a manyan gidajen unguwar Irving Park. Ba ta zuwa bukukuwanmu, shi ya sa ba ta ji waƙar da wuri ba. Manja take nema, ta buɗe shafin Alhaji, ta taɓa madanni. Ranar Asabar ta shigo shago da rigar aikinta, ta gaida Mama da Turanci, ta wuce bayan shago inda nake zaune, ta yi mini magana da Hausa, murya ƙasa.

Ta ce, "Malam Isuhu, kai za ka faɗa mata ko ni?"

Na ce, "Anti, ai waƙa ce kawai."

Ta ce, "To taso ka fassara mata waƙar kawai. Ina tsaye, in ka tsallake kalma zan cika maka."

Haka aka yi. Na sa waƙar, ina tsayar da ita layi-layi ina mayarwa Turanci. Turancina ba shi da kyau, amma ranar bai ba ni wurin ɓuya ba. Mama ta saurara har ƙarshe. Ta kama sarƙar gilashinta ta duba. Ta ce Garba ko kallonta bai cika yi ba balle ya lura da sarƙa, wa ya ba shi? Na ce ni. Ta ce kyandir ɗin fa? Na ce ni. Sannan ta ce in ɗauko jakata, mu je wurin Alhaji, ni ne tafinta, Anti Rifkatu kuma za ta tsaya a bayana.

Alhaji ya karɓe mu da lemo. Ya yi mata bayani cewa al'ada ce, a ƙasarmu manyan mutane ake yi wa zambo, ba a yi wa wanda bai kai ba, don haka girmamawa ce. Na fassara. Mama ta ce ta gode da girman, amma tana so ta san inda yake sarin mansa. Alhaji ya yi dariya, ya dubi rufin shago, ya ce a cire baitin. Garba kuwa da labari ya kai masa ya zo har shago ya durƙusa, ya ce shi abin da aka ba shi ya rera, amma bakinsa ne ya rera, a yafe masa. Ya yi wa Mama sabuwar waƙar yabo, ya zuba duk abin da ya iya. Waƙa ce mai kyau. Ba wanda ya haddace ta.

Cire baitin daga shafi bai ɗauke ni minti biyu ba. Ku riƙe wannan, ku masu cewa in an yi kuskure sai a goge. Na goge nawa, amma yana cikin motoci, yana cikin wayoyi, yana bakin yaran da ko Hausa ba sa ji sosai. Bayan sallar Juma'a na miƙe a gaban mutane na ce ƙarya na yi wa matar nan, ni na ƙirƙira. Suka ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce magana ta yi kyau, amma su maza ba sa sayen man kaɗanya, in je in faɗa wa masu saye.

Sai na sayi roba biyu, ɗaya daga Mama ɗaya daga Alhaji, na bi shagunan kitso ɗaya bayan ɗaya. In na shiga sai in yi sallama, in faɗi laifina, in buɗe robobin in ce su gwada. Suka shinshina, suka murza a bayan hannu, suka yarda mai ɗaya ne babu bambanci. Sai wata Hajiya ta ajiye matajinta ta ce, "Ashe na Alhaji ma da kyandir." Kafin mako ya zagayo magana ta bazu. Wasu suka koma sayen na manyan kantunan Turawa, mai kwali mai ƙyalli. Na fita in gyara ɓarna ɗaya, na dawo da biyu. Mata kaɗan ne suka koma wurin Mama, kuma na san sunan kowacce.

Mama ba ta kore ni ba. Doka ɗaya ta ƙara: babu waƙar da za ta hau shafi, ta Hausa ko ta Zabarmanci ko ta Turanci, sai mutum biyu da ba su da alaƙa da shagon sun saurara sun rubuta ma'anarta. Anti Rifkatu ta zama ɗaya daga cikinsu. Duk aikin da na yi daga nan sai ya bi ta hannunta, kuma ba ta taɓa yi mini sauƙi ba.

Ana cikin haka muguwar shekara ta shigo, shekarar da bankuna suka yi ta karɓe gidajen mutane. A sito aka rage mana kwanakin aiki. Mata suka riƙa barin kitso ya yi wata uku a kai, maza suka sayi injin aski suna yi wa juna a gida. Aikina ya juye. Da ina ƙara shafi, yanzu ina saukewa. Mai kilishi ya koma tuƙin babbar mota. Telan Damagaram ya mayar da kekensa falo. Duk wanda ya rufe, Mama takan sa in ajiye hotunansa da waƙarsa a faifai, in rubuta sunansa a kai, ko zai dawo. A shekarar na ga wane irin shago ke tsira: ba mai kyan shafi ba, ba mai daɗin waƙa ba, sai wanda yake da mutanen da suka saba da ƙofarsa, masu zuwa ko sabulu ɗaya ne su saya don kada ya rufe. Mama ta taɓa samun irin waɗannan mutane. Ta shiga shekarar babu su.

Ba zan ce ni na rufe shagon ba, don shagunan da ban taɓa ba ma sun rufe. Ba kuma zan ce ba ni ba ne.

Ranar da za ta miƙa makulli na zo da motar aro tun da safe. Ta yanke shawarar mayar da kayan garejin gidanta, ta ci gaba da sayarwa ta shafi, ana aikawa ta gidan waya ga mutanen garuruwan da ba su taɓa jin gurmi ba. Garba ya zo, muka kwashe kwalaye, muka sauke bargunan ɗakin ajiya. Kwamfuta muka bari ƙarshe. Mama ta ce kafin a cire waya in zauna in gyara shafinta, in share adireshin bakin tasha in rubuta cewa sai ta saƙo. Na zauna na yi.

Da na gama ban tashi ba. Na buɗe jerin shagunan, na gangaro kan sunan Alhaji Mamman. Na ce, "Mama, bari in sauke wannan ma. Don shi aka yi waƙar. Bai kamata ke ki fita shi yana ciki ba."

Ta zo ta tsaya a bayana tana duba allon. Ta tambaye ni yaya shagonsa yake a wannan shekarar. Na ce shi ma yana jin jiki, ya sallami ma'aikaci ɗaya, firji ɗaya ya kashe.

Ta ce, "Isuhu, na rasa shago ɗaya yau. So kake in rasa biyu?"

Na ɗauke hannuna daga kwamfutar. Ta miƙa yatsa ta nuna ƙasan shafin, ta ce ta ji yanzu yana buɗewa har ranar Lahadi, amma a nan an rubuta a rufe yake, mutane za su wuce shi su tafi babban kanti. Na ce ban tabbatar ba tukuna. Ta ce to in je in tabbatar.

Ranar Lahadi na hau bas na tafi Wendover, na tsaya a tsallaken titi har Alhaji ya zo ya ɗaga ƙofa. Lahadin da ta biyo na sake komawa. Sannan na je garejin Mama, na zauna a tsakanin kwalayen sabulunta, na gyara masa.